Shinkafar Garar Mansura

Birnin Kudu, watan Nuwamba

Zuwa ga taubashiyata Hapsatu, a Zandam.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da amaryarmu Mansura da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar matata Kubra da ke taɓa ta in ta daɗe a tsaye. Tana gaishe ki. Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Na buga, Hapsatu, har na gaji. Wayarki kullum tana wurin caji, in kuma an dace kin ɗauka sai ki yi ta ɗaga murya, duk matan layinku su ji sirrinmu. Shi ya sa na ba Yahuza direba wannan, tunda shi ba ya fashin zuwa Gwaram.

Jiya iyayen ango Zulkifli suka zo wurina, mun tsayar da biki ƙarshen watan gobe in Allah ya kai mu. Tun da Allah ya yi wa mijinki Malam Aminullahi rasuwa ni ne uban Mansura a garin nan, don haka ki saurara da kyau, yau ba da bakin wasa na zo ba. Batun gara ne. Nakiya da alkaki da dubulan na bar miki, don ban ga mai ja da ke a nan ba. Man shanu ma ku ne kusa da masu shi. Amma shinkafa ki bar mini. Tun da aka sassauta wa 'yar waje shigowa ta cika kasuwa, kuɗinta ya sauko, har mai turin baro yana iya auna kwano ya kai gida. Zan sa a sauke mini mai kyau, irin buhun nan mai hoton jirgin ruwa, a jera a gaban kaya. Ke dai ki huta, kada ki wahalar da kanki da hayaƙi da shanya. Kin yi wa mutane turara shekara da shekaru, bikin autarki kam a yi miki.

Ki gaya wa Mansura ta daina rufe fuska in an ambaci Birnin Kudu, mun san tana so.

Naki,
Ɗanbala

Zandam

Zuwa ga Ɗanbala mai riɗi.

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, Yahuza ya miƙo ta har da maiƙon ƙosai a jiki. Muna lafiya, alhamdu lillahi. A gaida Kubra da ƙafa, ta riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, kai kuma ka rage aikenta.

To, na karanta. Na sake karantawa, na ce Mansura ta karanta mini ko idona ne ya fara. Wai in huta! Ɗanbala, ashe haka ka raina ni? Ina turara shinkafa a garin nan tun kana yawo da wando ɗaya a kasuwar Sara kana bin masu riɗi da buhu a kafaɗa. Da duron nan na ciyar da marayu, da shi na rufa ɗaki, da shi na sayi gadon da za a kai wa yarinyar nan. Sai ranar da za a fitar da 'yata, ranar da kowa zai ga abin da gidanmu ya iya, sannan za ka ce in koma gefe a jero shinkafar mutanen da ko sunan garinsu ban sani ba? Wallahi raina ya ɓaci, kuma ga shi na faɗa maka.

Kana murna ta yi araha. Zo Zandam ka ga arahar. Shekarun da aka rufe boda, matan layin nan tun asuba kowa ta hura wuta a ƙarƙashin duronta, dillalai har ƙofar gida suke zuwa suna lallashi. Yanzu ni kaɗai na rage, ni ma sai jefi-jefi. Kwanan baya na kai kaya Sara, na yini a kan buhu. Mai saye ya zo ya damƙa, ya shinshina, ya ce ta yi kyau, sannan ya nuna mini rumfar 'yar waje ya ce in yi masa ƙasa da waccan sosai. Ta yaya? Manomin da nake sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a wurinsa taki bai yi masa araha ba, man injin ban ruwa bai sauko ba, itace bai sauko ba, mai injin casa kuwa ko kallona bai yi ba da na ce ya rage. Haka na kwaso kayana na dawo gida. Manoman fadamarmu da yawa sun ce bana ba sa noman rani, gwamma gonar ta zauna da su yi aikin banza.

Ka riƙe jirgin ruwanka. Shinkafar garar Mansura daga hannuna za ta fito, in ba haka ba a kai gara babu shinkafa, kai ka san abin da za ka gaya wa surukai.

Taubashiyarka,
Hapsatu

Birnin Kudu

Zuwa ga Hapsatu sarkin faɗa.

Bayan sallama da gaisuwa, muna lafiya, ƙafar Kubra ta yi sauƙi. Kai, Hapsatu! Takardarki har zafi take a hannu, Kubra ta ce in ajiye ta a kan randa ta huce tukuna. A ina na ce shinkafarki ba ta da kyau? Ni da nake cinye kwano biyu in na zo Zandam, har ki ce in bar wa yara?

Amma tunda kin taɓo boda, bari in amsa, ba zan bari ki cinye ni da baki ba. Shekarun nan da kike yabo, mu a birni me muke ci? Na ga leburori a tasha suna tambayar kuɗin kwano su juya ba su saya ba. A gidana sai da shinkafa ta koma ta ranar Juma'a. Tsadar da ta rufa miki ɗaki ita ta hana maƙwabcina mai gadi ɗora tukunya sau biyu a yini. Ban ce laifinki ba ne, amma haka abin ya kasance. Sannan riɗin da kike mini gori da shi, wa yake cinye shi? Mu nan iyakarmu kantu da ɗan mai. Sauran duk kwantena ake cikawa a kai wa mutanen da ban taɓa gani ba. In kowace ƙasa ta ja ƙofarta ta kulle yadda kike so, manoman Kangire da Wurno da nake saye a hannunsu su kai wa wa? Ba zai yiwu mu ce a buɗe in za mu fitar, a rufe in za a shigo ba.

Wannan duk hira ce. Ga abin da yake cina. Kin san gara ba a ɗakin amarya take zama ba. Uwar ango ce za ta shimfiɗa tabarma ta raba, gwaggo da inna da maƙwabta kowa a aika masa da kwanonsa. Hajiya Sa'adiyya, uwar Zulkifli, mutuniyar kirki ce, amma danginta suna da yawa, bakinsu kuma ba ya hutawa. A garin nan in an ga buhun 'yar Hausa, kafin a kwance shi an fara zancen tsakuwa. Mutum ɗaya ya tauna dutse a gida ɗaya, shi ke nan, Mansura ta samu suna. Na ga an yi wa wata yarinya daga Wurno, ga ta yau da 'ya'yanta, amma a bayan ido 'yar tsakuwa ake ce mata. Yarinyar nan marainiya ce, za ta shiga gidan da ba ta san kowa ba. Ba na so ta shiga da abin da za a riƙa yi mata dariya. Ki yi tunani, ki ba ni amsa.

Ɗanbala

Birnin Kudu, watan Disamba

Hapsatu, sallama.

Lafiya kuwa? Yahuza ya zo ya koma ya sake zuwa, kullum hannu rabbana. Na tambaye shi, ya ce ƙofarki a rufe take, sai hayaƙi yake hangowa ta katanga. Na buga waya, a kashe. Biki yana matsowa, Kubra ta sa ni gaba wai na ɓata wa 'yar'uwata rai a kan buhu. In maganar tsakuwa ce ta yi miki zafi, ki yi haƙuri, ba da ke nake ba. Ki zage ni ma na yarda, amma shirun nan ba halinki ba ne, yana ba ni tsoro.

Ɗanbala

Zandam

Zuwa ga Ɗanbala matsoraci.

Amin wa'alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, ba wanda ya mutu. Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba. To, da fushin kaɗan. Amma babban dalili hannuna ne ba ya zaune.

Maganarka ta tsakuwa ta shige ni, ba zan yi maka ƙarya ba. Na ajiye takardar na dubi Mansura tana tankaɗe. Washegari na tafi fadama da kaina na nemi manomin da ya yi sussuka a kan tampol, ba a ƙasa ba. Na kwashe shansherarsa. Na wanke ta na kwashe duk wadda ta taso sama, na jiƙa, na turara da wuta a hankali, na shanya a kan sabon tampol ina zaune a gefe da sanda saboda kaji. Da aka dawo daga inji muka zauna da faifai, ni da ƙanwata Juwairiyya da ita amaryar, muna tsincewa ƙwaya-ƙwaya. Idona har ruwa yake yi, bayana kuwa kada ka tambaya. In wani ya tauna dutse a cikin shinkafar nan, to daga gidansu ya zo da shi.

Batun riɗi kuma, ka manta bara da ka zo nan fuska a murtuke, wai an dawo wa ubangidanka da kaya daga ƙasar waje don an ce maganin ƙwari ya yi yawa? Ashe su ma suna da ƙofa, har da mai tsaronta. Mu ne kawai aka ce mu cire ƙyaure mu jingine. Maganar maƙwabcinka mai gadi ita ce ban san amsarta ba, ta dame ni, don na san yunwa. Ni dai abin da na gani, in muka daina nomawa gaba ɗaya, ranar da jirginka ya ƙi zuwa ni da mai gadin duk zuru za mu yi.

Yanzu ka ji abin da ban gaya wa kowa ba sai Juwairiyya. Wannan ce turarata ta ƙarshe. Ɗan jarin da ya rage duk na zuba shi a ciki. Bayan biki zan kife duron, in koma taya Juwairiyya ƙuli-ƙuli. Shi ya sa na kafe. Ina so ta ƙarshen ta shiga gidajen Birnin Kudu a san cewa uwar amarya ce ta yi ta da hannunta.

Ga ta nan a motar Yahuza, cikin fararen buhuna sababbi. Ka ajiye ta a ɗakinka a kan katako, tunda daga gidanka za a ɗauki gara. Kada ka ɗanɗana, na san halinka.

Hapsatu

Zandam, watan Janairu

Zuwa ga Ɗanbala.

Sallama da gaisuwa, da ban gajiyar biki gare ka da Kubra. Mutanenmu sun dawo lafiya. Ka tsaya wa Mansura tsayuwar uba, an ce har ƙwalla ka yi wajen ɗaurin aure kana cewa hayaƙin mota ne. Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Wannan ba zan manta da shi ba har in mutu. Yanzu kuma ka gyara zama.

Ka san uwa ba ta bin gara, Juwairiyya ce ta je a madadina. Ta dawo ta ƙi haɗa ido da ni, sai da na rutsa ta a madafa ta faɗa. Ta ce da aka sauke kaya a tsakar gidan Hajiya Sa'adiyya ta duba fararen buhunana ba ta gani ba, sai jiragen ruwa a jere. Ta ɗauka musanyawa ka yi. Sai Hajiya ta sa aka farke ɗaya ta zura hannu ta ɗebo, nan take Juwairiyya ta gane ƙwayar, ai ita ta tsince ta. Hajiya ta ɗaga wa mata ta ce, "Kun gani ko? Ita 'yar waje daban ce. Dubi tsawo, dubi haske, ko rege ba sai an yi ba. Ina namu za su iya wannan?" Mata suka ɗauka, kowa da abin da take faɗa, wata har cewa ta yi dangin amarya sun yi abin arziki da ba su kawo ta ƙauye ba. Juwairiyya tana tsaye ta haɗiye maganarta, don ba za ta kunyata uban amarya a gaban surukai ba. Mansura kuwa tana cikin ɗaki, labule ne kawai tsakani, duk ta ji.

Ɗanbala, da musanyawar ka yi da ya fi mini sauƙi. Da na ce ka ji tsoro ka sayi ta kanti, in yi faɗa in huce. Amma ka ɗauki wahalata ka sa mata rigar wasu, aka yabe ta aka zage ni a baki ɗaya. Na yi kuka, ba na ɓoye maka. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka tafi da yarinyar.

Duron na kife shi jiya. Kaji sun fara hawa kai.

Hapsatu

Birnin Kudu

Zuwa ga 'yar'uwata Hapsatu.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Mansura ma lafiya, Kubra ta leƙa ta shekaranjiya ta tarar har ta yi ƙiba. Ni ne dai ba lafiya ba tun da na karanta takardarki.

Ni na yi, ba wani ba. Ranar da kayan suka iso na kwance bakin buhu ɗaya, na ga shinkafar da ban taɓa ganin irinta ba. Amma na san idon mutanen nan buhu yake fara gani, in ya yanke hukunci kuma baki bin sa yake yi. Na je wurin wani mai shago na karɓo buhunan da ya zazzage, muka juye, na ɗinke da basilla da hannuna. Kubra tana riƙe da bakin buhu tana cewa Hapsatu za ta ci mu ɗanye. Na ce a ci ni, in dai yarinya za ta shiga da daraja. Ban yi tunanin za a yi maganar da aka yi ba, ban kuma yi tunanin ke ba, ita kaɗai na gani. Na cuce ki, ki yafe mini don Allah. Ta wajen Mansura kuwa, in na ce miki na tabbata kuskure na yi, na yi ƙarya. Ba wanda ya yi mata dariya a gidan nan.

Ga kuma abin da ya biyo baya, ban san ko ki yi dariya ko ki ƙara zagina ba. Jiya Hajiya Sa'adiyya ta zo har rumfata. Wai garar ta ƙare, ta aika kasuwa an sayo mata mai jirgin ruwa, ta dafa ta ji ba ita ba ce. Ta canja shago, nan ma ba ita ba. Ta ce, "Alhaji, ka gaya mini gaskiya, a ina ka samo waccan? Ko ta Kano ce?" Tana so a kawo mata ta azumi. Ƙanwarta kuma mai sayar da abinci a bakin asibiti ta ce in za a samu a kai a kai, ita ma tana so. Na ce mata zan bincika.

Hapsatu, wannan ciniki ne da zai tayar da duronki, kuma da kuɗin 'yar waje za su biya ba musu. Buhunan jirgi suna nan a shago, ba wanda zai sani. Rabin abin da ake sayarwa a kasuwar nan da sunan ta waje, in kika bi sawu, a fadamar wani aka nome ta. Na san ban da bakin ba ki shawara yanzu, amma ga shi na faɗa.

Mai neman afuwa,
Ɗanbala

Zandam

Ɗanbala, wa'alaikumus salam.

Muna lafiya. Na yafe maka, tun kafin takardarka ta zo ma na yafe, don na san ba ƙiyayya ba ce, wauta ce irin ta ɗan birni. Amma ashe ba ka warke ba.

Na kwana biyu ina juya maganar, kada ka ɗauka ban ji kwaɗayi ba. Na fita na tsaya a kan duron ina lissafin matan layinmu da zan iya kira su dawo aiki. Sai dai gara kyauta ce, ba wanda ya biya, abin da ka yi ya tsaya a kan neman suna. Wannan kuwa ciniki ne. In karɓi kuɗin mata a kan sunan da ba nawa ba, ga azumi yana zuwa, in sha ruwa da shi? Kuma matar nan surukata ce. Duk ranar da ta gane, ba 'yar tsakuwa za a ce wa Mansura ba, 'yar maha'inta za a ce.

Na kira yarinyar a waya, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi magana a hankali, ka ji ko? Na tambaye ta, don ita ce a gidan, ita abin zai faɗa wa. Ta ce, "Inna, kullum aka yabi shinkafar nan sai in ji maganar ta zo mini wuya. Yatsuna ne fa. A faɗa kawai, abin da za su ce su ce."

To ka ji. Ka sa babbar rigarka ka je ka gaya wa Hajiya. Kai ka ɗinke, kai za ka farke. In ta fasa saye ta fasa.

Hapsatu

Birnin Kudu, watan Fabrairu

Zuwa ga Hapsatu.

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. Na je, kuma da babbar rigar, gumi har ƙafa.

Na tarar da Hajiya a tsakar gida da wasu 'yan'uwanta mata. Na so a keɓe, ta ce ai duk na gida ne. Haka na zauna a bakin tabarma na zayyana komai, tun daga basilla. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Hajiya ta dube ni ta dube ni, sai ta fashe da dariya har da tafa hannu, ta ce, "Alhaji, kai da girmanka! Ashe surukata ce na bi kasuwa ina nema!" Ta ƙwala wa Mansura kira, yarinya ta fito kai a sunkuye. Ta kama hannunta ta ce, "Da waɗannan aka tsince? Shi ne kika yi shiru ina ta zuba?" Ta ce a gaya miki ta ji kunyar maganar da ta yi ranar gara, ki yafe mata. Wadda ta yi zancen ƙauye kuwa cewa ta yi ai ita dama ta ji ƙanshin gida, ba ta dai so ta faɗa ba. Mansura tana nan da darajarta, ki kwantar da hankalinki.

Da nan aka tsaya da na zo Zandam da gudu. Amma da muka zo kan ciniki sai Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "To Alhaji, tunda 'yar Hausa ce, ai sai a rage mana." Na ce Hajiya, ita ce fa wadda kika zaga shaguna ba ki samu kamarta ba. Ta ce ta sani, amma kowa ya san kuɗin 'yar Hausa ba ya kai na 'yar waje, ba za ta saya sama da kasuwa a yi mata dariya ba. Ba da mugunta ta faɗa ba, har ga Allah haka ta ga daidai ne. Na yi ta ja, ta ɗan ƙara, ta tsaya. Ni da nake ta yi miki wa'azin a bar kasuwa ta yi halinta, ga shi ta yi mini halinta ido da ido, raina ya ɓaci na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Abin da ta tsaya a kai, in kika fitar da shanshera da itace da inji, abin da zai rage miki bai taka kara ya karya ba. Ban amsa mata ba, na ce sai na ji daga gare ki. In kin yarda, ni zan riƙa cika gibin daga aljihuna, ba sai kowa ya ji ba.

Naki,
Ɗanbala

Zandam

Zuwa ga taubashina Ɗanbala.

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke, Allah ya kai mu azumi da rai. A gaida Kubra, a gaida Hajiya, a ce mata ba komai, na yafe.

Kai dai ba ka gajiya da ɓoye-ɓoye. Kada ka cika ko sisi. Ka je ka ce mata na yarda da kuɗin da ta faɗa. Na san an kware ni, ba sai ka gaya mini ba, na fi ka sanin abin da itace yake ci. Ya yi mini ciwo, amma ciwon da zan iya ɗauka ne. Ta saya da araha, amma tana sane da wadda ta turara ta.

Na sayar da tunkiyata na sayi shanshera. Manomin ya tambaye ni ko zan dawo bayan sallah, na ce ya dai shuka ko fegi ɗaya ne, mu gani. Duron na tayar da shi, na kori kajin, tun jiya wuta take ci. Maƙwabciyata ta hango hayaƙi ta leƙo ta katanga, na ce ta shigo da faifanta. Ban yi mata alkawarin komai ba, ban san ko abin zai kai damina ba.

Na kai buhunan wurin mai rubuta allon shaguna a Gwaram, ya rubuta wa kowanne da jan fenti, manya-manya: HAPSATU ZANDAM. Ya so ya zana mini fure a ƙasa, na ce ya bar shi haka.

Kada ka turo Yahuza. Ka zo da kanka ka ɗauka, in kun isa Birnin Kudu kuma ba ta bayan gari za ka bi ba. Ka sa a ɗora su a baro a bi ta tsakiyar kasuwa, rubutun yana sama, kana biye a ƙasa da babbar rigarka. Duk wanda ya tambaye ka ta wace ƙasa ce, ka tsaya ka karanta masa.

Ka zo da yunwarka, zan dafa maka.

Taka har kullum,
Hapsatu